Keken Hawan Dutse A Ƙasar Rairayi

Tun daga ran 29 ga watan Mayu na 2023, sa'ad da Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya yi shelar janye tallafin man fetur, kuɗin mai ya yi tashin gwauron zabo, har ya kusa ninka kansa sau uku cikin 'yan kwanaki kaɗan. Abin ya taɓa kowa, amma a ganinmu ba wanda ya ji a jikinsa kamar ƙaramin ma'aikacin da gidansa ke cikin gari, wurin aikinsa kuwa na ƙauye, watau malamin firamare, da akawun ƙaramar hukuma, da malamin gona, da ma'aikacin lafiya. Da yawa cikinsu sun jingine babur a zaure, sun koma neman tsohon abokin tafiyar iyayensu, keke.

To, da suka shiga kasuwa sai suka tarar keke ya sake kama. Baƙin keken nan mai dogayen tayoyi da birkin ƙarfe, wanda kowa ya sani, yana nan. Amma ga wani iri kusa da shi, mai kaurin taya, mai giya barkatai, wanda Turawa suka ƙera don hawan duwatsu. Galibinsu na hannu ne, irin kayan nan da a ke ce wa 'yan Beljiyam ko 'yan Kwatano, waɗansu kuma sababbi ne masu araha da ƙyalli. Akwai waɗanda suka saya suka ji daɗi. Akwai kuma waɗanda ƙyalli ya ruɗa, suka zuba albashinsu, kafin damina ta zagayo keken ya zama rabon 'yan gwangwan.

Shawarar da mu ke so mu kawo wa masu karatu ita ce, mutum ya harhaɗa kekensa da kansa, gaɓa-gaɓa, da taimakon mai gyaran keke na garinsu, ya yi shi daidai da ƙasar da zai riƙa bi. Za mu ɗauki ƙasar Gumel ta zama misali, domin keken da ya jure mata ba shi da sauran abin tsoro a Arewa.

ƘASAR DA ZA A BI

Gumel tana kimanin kilomita 120 arewa maso gabas da Kano. Masarautarta ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu na Jihar Jigawa, jihar da aka fid da daga Kano ran 27 ga Agusta, 1991. Ga Gumel a tsakiya, ga Maigatari daga arewa a bakin iyakar Nijar, ga Sule Tankarkar daga yamma, ga kuma Gagarawa daga kudu, inda hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Nguru ta ratsa. Wanda ke son ganin duwatsu a jihar sai ya nufi Dutse ko Birnin Kudu ko Kazaure. Nan kam shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce ta jigawa, iyakar ganinka gonakin gero da wake da riɗi, da itatuwan aduwa da bagaruwa da gawo jefi-jefi.

Kwalta ta haɗa manyan garuruwan. Amma da zarar mutum ya ratse zai shiga ƙauye, abu uku ke jiransa. Na farko rairayi, wanda da rani ya kan yi laushi har taya ta nutse, amalanken shanu kuma sun ƙara tone shi. Na biyu ƙaya: ga tsidau kwance a ƙasa, ga ƙayar aduwa da ta bagaruwa da ta magarya, balle inda aka yi shingen gona da su. Na uku ƙurar hunturu, wadda ba ta barin ko wace kafa a jikin ƙarfe. Waɗannan uku su ne duwatsunmu, da su ya kamata a auna ko wane ƙarfe da za a ɗaura wa keke.

Keke kuwa ba baƙo ba ne a nan. A zamanin En'e a kan ba ma'aikaci rancen sayen keke a riƙa cirewa cikin albashinsa, a kan biya shi kuɗin keke in aikinsa na yawo ne, mai keke kuma ya kan yanki lasin. Malamin daji da duba-gari da malamin haraji duk a kan Raleigh ko Hercules suka zaga ƙasar nan, manomi ma in gyaɗa ta yi kuɗi keke ya kan fara tunawa. Daga baya har masana'antar harhaɗa keken Raleigh aka yi a Kano. Sai dai wannan keke an yi shi ne don titunan Ingila. Ƙarfi kam ya ke da shi, amma tsofaffin ma'aikata sun san yawan wuraren da su kan sauka su tura shi cikin rairayi, rana na dukansu.

ASALIN KEKEN HAWAN DUTSE

Ya kamata mu san inda wannan sabon keke ya fito, domin akwai darasi a ciki. Ba a ofishin wani babban kamfani aka ƙago shi ba. Wajen 1970 zuwa 1980 waɗansu samari a gundumar Marin ta Jihar Kalifoniya a Amurka, arewa da birnin San Faransisko, suka shiga sha'awar gangarowa daga wani dutse mai suna Tamalfayis. Kekunan tsere na lokacin masu siraran tayoyi ba su iya wannan aiki. Sai samarin suka bi juji da tsofaffin kantuna suna tsinto kekunan Schwinn na wajen 1930 zuwa 1950, masu nauyi da kaurin taya. Suka cire abin da ba su bukata, suka ɗaura musu birki mai ƙarfi da faffaɗan kai irin na babur, daga baya suka sa musu giya.

Ran 21 ga Oktoba, 1976, suka yi tserensu na farko a wata gangara mai tsawon kimanin mil 2, wadda ke sauka wajen ƙafa 1,300. Saboda tsananin taka birki, giris ɗin cikin cibiyar tayar baya ya kan ƙone, sai an sake ɗura wani bayan an sauko. Daga nan gangarar ta sami sunanta, Repack, watau sake ɗuri. A 1977 ɗaya daga cikinsu, Joe Breeze, ya ƙera firam na musamman don wannan aiki. A 1979 Gary Fisher da Charlie Kelly suka fara sayar da kekunan da Tom Ritchey ke ƙera musu. A 1981 kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper, wanda aka yi da yawa don kasuwa. Kafin a ce haka abin ya game duniya, har aka shigar da tseren cikin wasannin Olimfik na birnin Atalanta a 1996.

Jama'a, ku dubi wannan. Tsohon ƙarfe suka tsinta, suka duba ƙasarsu, suka gyara shi daidai da ita. Abin da mu ke kira a yi ke nan, bambancin kawai su dutse suka duba, mu kuwa rairayi za mu duba.

Har ma an riga an gwada a maƙwabtanmu. A 1980 wani Bafaranshe mai suna Jean Naud ya tashi daga Damagaram, wadda hanyar Maigatari ke kai wa gare ta, ya ratsa hamada har Tamanrasat ta ƙasar Aljeriya a kan keken da aka yi masa da tayoyi masu faɗi. A 1986 ya sake ratsa Sahara, tafiyar kimanin kilomita 3,200, da tayoyin da kamfanin Michelin ya yi masa na gwaji. A 2005 kuma wani kamfanin Amurka, Surly, ya fara sayar da keke mai tayar da faɗinta ya kusa inci 4, don tafiya a kan ƙanƙara da rairayi. In keke ya ratsa hamada, ashe rairayin da ke tsakanin Gumel da ƙauyukanta ba zai gagara ba.

A FARA DA FIRAM

Firam shi ne ƙashin keke, kome a jikinsa a ke ɗaurawa. Wanda ya dace da firam ya gama rabin aiki. Iri biyu aka fi samu a kasuwa, na ƙarfe da na alminiyam. Na alminiyam ya fi sauƙin nauyi, ba ya kuma tsatsa, amma in ya tsage ba ko wane mai walda ke iya ɗinke shi ba. Na ƙarfe kuwa, in ya sami rauni, mai walda na Gagarawa ko na Sule Tankarkar zai gyara shi nan take. Saboda haka mu na ƙarfe mu ke zaɓa wa mutumin karkara. In ka rasa gane wanne ne, tafi da ɗan maganaɗisu, in ya kama, ƙarfe ne.

Kafin ka biya kuɗi, duba mahaɗar ƙarafan ɗaya bayan ɗaya, musamman wajen wuya da kuma ƙasa inda feda ke juyawa. Shafa da yatsa a ƙarƙashin ƙarfen da ya gangaro daga wuya. In ka ji ƙullutu ko fenti ya tattare, keken ya taɓa yin karo, ka bar shi kome arahansa. Sa'an nan ga wata dabara ta gane karkata. Ɗaura zare a inda tayar baya ke shiga ta hannun dama, ka zagayo da shi ta gaban wuya, ka kai shi ɗaya gefen ka ɗaure. Auna tazarar da ke tsakanin zaren da ƙarfen da ke ɗauke da sirdi, dama da hagun. In sun yi daidai firam a miƙe ya ke. In sun bambanta sosai, keken zai riƙa ja gefe ɗaya har abada.

Sai girma. Ka tsaya ka sa keken tsakanin ƙafafunka, tafin ƙafa a ƙasa. Ya kamata a sami tazarar yatsu uku ko huɗu tsakaninka da ƙarfen sama, domin a rairayi sau da yawa a kan diro ba shiri.

Akwai kekuna masu sifirin gaba da baya, kamar babur, su suka fi ɗaukar idon samari. Mu yi hattara da su. Mai kyau cikinsu tsadarsa ta fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci, mai araha kuwa kyan ɗan maciji ne. Nauyi ya ke ƙarawa, yana shanye ƙarfin ƙafa, ƙura ta shiga ta ci shi, sa'an nan ba ya barin wurin ɗaura kariya. An yi sifirin don diro daga kan duwatsu, mu ko ba mu da su. Firam sandararre da taya mai faɗi ya ishe mu.

TAYA ITA CE KOME

Wanda ya je kasuwar Maigatari ran Alhamis ya ga raƙuman da a ke kawowa daga Nijar, ya riga ya san dukan ilmin taya. Raƙumi ya fi jaki nauyi nesa ba kusa ba, amma ƙafarsa ba ta nutsewa kamar kofaton jaki, domin faffaɗa ce, in ya taka sai ta baje. Haka taya ta ke. Faɗin tayar tsohon kekenmu inci ɗaya da rabi ne, sai ta riƙa yanka rairayi kamar garma. Ta keken hawan dutse kuwa daga inci 2 ne zuwa 2 da rabi. Nemi mafi faɗin da firam ɗinka zai ɗauka, amma ka bar tazarar da yatsa zai shiga ko ta wane gefe, don laka ta sami wurin wucewa da damina.

Tayoyin keken hawan dutse girma uku ne, inci 26, da 27 da rabi, da 29. A ƙasashen Turawa manyan sun fi tashe yanzu, amma tsofaffin kekunan da a ke kawo mana galibi 26 ne. Kafin ka zaɓa, zaga wurin masu sayar da kayan keke na kasuwar da ka ke ci, ka ga wacce suka fi ajiyewa. Keken da sai an je Kano kafin a samo masa tib ba abin dogara ba ne ga mai zuwa aiki kullum.

Kada kuma a ruɗu da manyan haƙoran taya. An yi su don kama laka da tsakuwa. A rairayi tonawa su ke yi, a kwalta kuma su sa keke nauyi. Mai ƙananan haƙora kusa da juna ta fi.

Babban sirrin shi ne iska. Mun saba da cika taya har ta yi tauri kamar dutse, a kwalta kuwa haka ya dace. Amma in za ka shiga rairayi sai ka rage, har in ka danna da babban yatsa ta ɗan lotsa. Nan da nan za ka ji keken ya hau bisa rairayin. Sai dai kome ya yi yawa ɓaci ya ke, in iska ta yi kaɗan ƙwarai, da ka ci karo da kututture ƙarfen wili zai datse tib, ya bar huji biyu kamar saran maciji. Don haka famfo ya zama abokin tafiya, a rage a ƙara gwargwadon hanya. Nemi kuma tib mai bawul irin na babur, domin shi ko wane mai faci na bakin hanya ke iya ba iska. Akwai wani siririn bawul da ke zuwa da waɗansu kekunan Turai, wanda famfonmu ba ya kamawa sai da wani ɗan maɗauri.

Wili kuwa, nemi mai sifok 36. Tsofaffin kekunan Ingila 32 a kan sa musu gaba, 40 baya, domin baya ke ɗaukar kaya, wannan hikima ce da ta kamata a tuna. Ɗaurin sifok aikin gwani ne. A nan kada ka yi rowa, kai wa mai gyaran da kowa ya shaida, ka biya shi da kyau ya ɗaure su daidai wa daida. Wilin da aka ɗaure da kyau ya kan shekara da shekaru bai karkace ba.

MAGANIN ƘAYA

Rigakafi ya fi magani. Masu gyaranmu sun daɗe da sanin dabarar tsaga tsohon tib a shimfiɗa shi cikin taya kafin a sa sabo, ya zama garkuwa. Waɗansu ma tsohuwar taya su kan yanke wa baki su cusa cikin sabuwa. Yana ƙara nauyi kaɗan, amma gajeriyar ƙaya irin ta tsidau ba ta cika kai wa ga tib ba. Akwai kuma wani ruwa mai yauƙi da a ke ɗura wa taya, in ƙaya ta huda sai ya bi ya toshe. Yana aiki, sai dai ya kan bushe bayan 'yan watanni, balle da zafin bazara, dole a riƙa sabuntawa.

In ka yi faci, kada ka mai da tib sai ka bi cikin tayar da yatsa a hankali ka ciro ƙayar. Mutane da yawa su kan yi faci uku a yini ɗaya, alhali ƙaya ɗaya ce ke zaune tana jiransu.

LISSAFIN GIYA

Nan muka zo wurin da malamai za su ji daɗi, domin lissafi ne da za a iya ba 'yan aji shida. Ƙidaya haƙoran babban faifan da feda ke juyawa, ka ƙidaya na ƙaramin da ke tayar baya, ka raba na farko da na biyu. Abin da ya fito shi ne yawan juyin da taya ke yi in feda ta zaga sau ɗaya.

A ce na gaba 44 ne, na baya 18. Taya za ta juya sau biyu da kusan rabi. Kewayen taya mai inci 28 kuwa inci 88 ne, in an yi da 22 bisa 7. Ke nan ko wane zagayen feda zai kai ka inci 215, kusan ƙafa 18. A kwalta wannan daɗi ne, a rairayi kuwa azaba. To, sauya na baya ka sa mai haƙora 22. Yanzu taya sau biyu cif za ta juya, tafiyar inci 176. Gudu ya ragu, amma ƙarfin da ƙafa ke bukata ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Ashe ko mai tsohon keke zai iya sauƙaƙa wa kansa da ɗan wannan canji, sai dai ya ƙara wa sarƙa 'yan gaɓoɓi.

Keken hawan dutse ya wuce nan. Ya kan zo da faifai uku gaba, bakwai ko takwas ko tara baya. In ka sa sarƙa a kan mai 22 gaba da mai 32 baya, feda za ta zaga sau ɗaya taya ba ta gama juyi ɗaya ba. Da irin wannan giya a ke ratsa rairayi mai zurfi a zaune. Amma giya 21 ko 27 ba duka mu ke bukata ba. Ko wane ƙarin ƙarfe ƙarin abin lalacewa ne. Mai bin kwalta da rairayi duka ya bar giyar baya, ya cire mai sauya ta gaba, ya zauna a kan faifan tsakiya mai haƙora 32 ko kusa da haka. Wanda hanyarsa duk rairayi ce, giya ɗaya mai sauƙi ta ishe shi, ba abin da zai karye masa a daji.

Hawan ma da iyawa. In ka tunkari rairayi, sauko da giya tun kafin ka shiga, ka ja jikinka baya don gaba ya yi sauƙi, ka riƙa tuƙi ba tsayawa, ka riƙe kai sakwa-sakwa, kada ka juya shi da ƙarfi. Ido kuma can gaba, inda ka ke so ka fita.

BIRKI DA SIRDI DA KARIYA

Birkin ƙarfe na tsohon keke ba ya shiga wilin keken hawan dutse. Zaɓi birkin waya mai matse gefen wili da roba, domin robarsa da wayarsa ba su da wuyar samu. Birki mai faifai irin na babur yana da kamu, in na waya ne ba laifi. Mai aiki da mai kuwa, in ya yi yoyo a ƙauye sai dai a tura keken zuwa gida.

Tsawon sirdi shi ke raba mai gajiya da marar gajiya. Hau ka sa dunduniya a kan feda sa'ad da ta ke can ƙasa. In ƙafarka ta miƙe sosai ba tare da ka karkata ba, daidai ke nan. Sirdin da ya yi ƙasa gwiwa ya ke ci. Kan keke kuma a ɗaga shi yadda za ka zauna a miƙe, domin mu ba tsere za mu ba, mai riga da hula kuma ba ya son sunkuyo. A sa marufin sarƙa ko a riƙa ɗaure ƙafar wando, a kuma tattara babbar riga kada ta shiga sifok.

Keken hawan dutse ba ya zuwa da kariya, amma keken da ba ya ɗaukar littattafan yara, da jarkar ruwa, da ɗan buhun gero ran kasuwa, abin wasa ne. Mai walda zai yi maka ita da ƙarfe mai ƙwari. Abin lura kawai, a ɗaura ta da noti a 'yan ramukan da aka tanada kusa da cibiyar taya, kada a narka ta a jikin firam, domin wuta na raunana siririn ƙarfe. Ga kuma wani abu da ke ba sababbin masu harhaɗawa wahala: fedar hagun a juye a ke ɗaura ta, inda a ke kwance sauran notuna nan ita ke ɗauruwa. Wanda bai sani ba sai ya matsa da sifana har ya lalata zaren.

ADO DA KULAWA

Ba mu hana ado ba. Bahaushe tun kan doki ya saba da ƙawata abin hawansa, ya kuwa kawo wannan al'ada kan keke, ga naɗin roba mai launi-launi, ga tuntaye a kai, ga madubi, ga rigar sirdi ta fata aikin dukawa. Duk wannan na sa mutum ya ƙaunaci kekensa, abin da a ke ƙauna kuwa shi a ke kula da shi. Gargaɗinmu biyu ne. Kada a naɗe mahaɗar ƙarafa, domin nan tsaga ke farawa, a bar ta a fili ido na gani. Sa'an nan adon da ya fi ko wanne shi ne ƙararrawa, da fitila gaba, da jar alama mai ƙyalli a baya. Daren Laraba da yinin Alhamis manyan motocin dabbobi ba su yankewa a hanyar Gumel zuwa Maigatari, direba kuwa ba ya kauce wa abin da bai gani ba.

Game da mai, a ƙasar rairayi yawansa illa ne. Mai da rairayi in sun gamu sun zama dutsen wasa wuƙa, su cinye sarƙa da haƙora. Ɗiga kaɗan, ka juya feda, sa'an nan ka goge da tsumma har bayan sarƙar ya bushe. Baƙin man da aka juye daga inji ba ya da kyau, cike ya ke da garin ƙarfe. Malami na da rula a aji, to, ga amfaninta. Tsakanin ko wace ƙusar sarƙa da ta kusa da ita rabin inci ne, watau gaɓa 24 inci 12 ne cif a sabuwar sarƙa. In ka auna ka ga ta zarce da kashi ɗaya cikin 16 na inci, sake ta. In ka bari ta kai kashi ɗaya cikin 8, ta riga ta ci haƙoran, sai ka sake su duka. Bayan ko wane hunturu kuma a kwance boris, a wanke da kananzir, a sa sabon giris.

KIRA GA JAMA'A

Amfanin harhaɗawa da kai shi ne ba sai an tara kuɗi gaba ɗaya ba. Wannan wata firam, wata mai zuwa wili, na bayansa taya da sarƙa. Inda ya kamata a kashe kuɗi a kashe, watau taya da ɗaurin wili, inda ba lalle ba a tsimi. Wanda kuma ya ga yadda aka ɗaura ko wane noti, ba zai tsaya a daji yana jiran mai taimako ba.

Muna kira ga masu gyaran keke na Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar su koyi gyaran giya da birkin waya, domin kekunan nan sun zo ke nan. Muna kira ga shugabannin makarantu su tanadi famfo da sifana da kayan faci a ofis, da inuwar da za a ajiye kekuna, don rana na ƙona taya. Ƙungiyoyin ma'aikata ma, da za su farfaɗo da rancen keke irin na da, ko su kafa adashe dominsa, da sun yi abin kirki. Majalisar Ɗinkin Duniya tun 2018 ta keɓe ran 3 ga Yuni ta zama ranar keke ta duniya, ashe ba abin kunya ba ne babban mutum ya hau.

Abin da ke bayan duk wannan magana shi ne yaron ƙauye da ke zaune a aji yana duban hanya. In malaminsa ya iso da ƙarfe takwas, da sauran ƙarfi a jikinsa, albashinsa kuma bai ƙare a gidan mai ba, to, keken ya biya kuɗinsa. Allah ya kiyaye hanya, amin.